Cokali Ɗaya na Irin Albasa

Ɗakin Kwanan Ɗalibai Mata,
Jami'a.
18 ga Satumba, 1995.

Zuwa ga Baffa Sale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna Kulu da duk mutanen Tungar Jigo. Yaya ƙafar Inna? Idan har yanzu tana kumbura da yamma, don Allah a kai ta asibitin Wurno, a bar shafa man shanu haka nan. Ni lafiyata ƙalau, sai wani zazzaɓi da ya kwantar da ni kwana uku a asibitin makaranta, shi ma ya wuce. Ina gaida Malam Andrawus, tunda na san shi zai karanta maka wannan, kuma shi zai rubuta amsa.

Baffa, na shiga shekarar ƙarshe. A tsangayarmu ta aikin gona ba a ba mutum digiri sai ya yi bincike na kansa ya rubuta. Wasu sun ɗauki kiwon kaji, wasu cutar gero, ni kuwa na faɗa sashen ƙasa da ruwa, wanda a kansa jami'ar nan ta fi yin suna. Daga jihohi ake aiko musu da ƙasa su auna. Malamar da ke duba aikina, Dakta Augustina, ta shekara goma tana bin gonakin da ake ba ruwan dam, tana nazarin yadda kanwa ke tasowa daga ƙarƙashi ta kashe shuka. Da na gaya mata an ba baffana fili a sabon aikin ban-ruwa na ƙasan dam ɗin Goronyo, sai ta ce to ai ga bincikena nan a gida.

Saboda haka abu biyu nake roƙo. Na farko, ka ɗebo mini ƙasar sabon filin daga wuri biyar: kusurwa huɗu da tsakiya. A haƙa zurfin taƙi ɗaya, a ɗebo ta yadda take, a haɗa a buhu ɗaya a ba Attahiru direba idan zai taho da kaya. Kada ka zuba iri a filin sai na auna na gaya maka.

Na biyu shi ne wanda nake jin nauyin faɗa. Akwai wani ɗaki a nan mai sanyi ƙarara inda ake adana irin amfanin gona a kwalabe, ya yi shekaru bai mutu ba. Na ba su labarin Mai-jan-riga, albasar da Baba ya gada wurin kaka, wadda take wata bakwai a kan rudu, gadon karan da ake ajiye albasa, ba ta ruɓe ba. Malam Yusha'u mai kula da ɗakin ya ce shi sai ya gani zai yarda, har ya wanke kwalba ya rubuta sunan Baba a jiki. Na san tun rasuwar Baba kai kaɗai ke riƙe da ita, kuma na san abin da ya rage a gorar da ake ajiye irinta bana bai kai rabi ba. Cokali ɗaya kawai nake so.

Ɗiyarka,
Safara'u Abdulƙadiri

Tungar Jigo.
2 ga Oktoba, 1995.

Zuwa ga ɗiyata Safara'u,

Wa alaikumus salam. Daga baffanki Sale, ta hannun Malam Andrawus na makarantar firamare. Takardarki ta iso, mun ji daɗi. Muna lafiya. Ƙafar Innarki ta sauka, kuma ta ce a gaya miki man shanun ne ya saukar da ita, ba asibitin Wurno ba. Gero ya yi dama-dama, wake kuwa tsutsa ta raba da mu.

To likitar ƙasa, ga ƙasa nan Attahiru zai kawo. Ni da Innarki muka yi aikin da kanmu, ba mu sa kowa ba. In sha Allah ba za ki ji kunya a gaban malamanki ba.

Ki yi sauri da awon, don ba ni da wurin zuwa sai wannan fili. Tsohuwar fadamar ubanki ta gama. Tun da aka tare gulbi, ambaliyar da take zuwa ta wanke mana ita kowace shekara ta daina zuwa. Na bi rijiyar da ke cikinta har gaba shida, laka kawai nake fiddawa. Jigon ma na kwance shi, Innarki ta yi girki da itacen. Bara da ƙyar na samu irin da ya rufe gindin gora, ga kuma 'yan uwayen albasa kwando ɗaya da na ware don su yi fure. Irin albasa kuwa kin sani ba ya jiran shekara biyu. Idan bana bai shiga ƙasa ba, shi ke nan.

Maganar cokali ɗaya, ɗiyata, ki yi haƙuri. Ba rowa ba ce. Ubanki bai taɓa fitar da ƙwaya ɗaya daga gorar nan ba sai bayan an zuba wa gonar gida, ya ce haka ya taras, ni ma haka na taras. Wani Alhaji daga Gandi ya yi sawu uku a kan irin nan, da shayi kawai ya koma. Ki ce wa mai kwalba ya jira kaka. Idan Allah ya kai mu, mudu zan aiko masa, ba cokali ba.

Baffanki,
Sale

Ƙari daga mai rubutu: Safara'u, ina gaishe ki. Na karanta masa bayanin wuri biyar har sau biyu, ya ce ya ji. Abin da ya faɗa bayan nan bai ce in rubuta ba, amma ga shi: “Mi za su yi da ƙasa can, Malam? Ci sukai? Mu da munka tsuhwa cikinta ba mu san ta ba, sai an kai ta birni an tambayo?” Yana faɗa yana murmushi. Tun jiya kuwa duk wanda ya wuce ƙofar gida sai ya ji cewa jami'a ta aiko neman ƙasarsa.
Andrawus

Jami'a.
21 ga Oktoba, 1995.

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa da kowa. A gaya wa Inna na sallama, man shanu ya ci gari. Ina lafiya, sai dai karatu ya yi mana rubdugu, laburare ya zama ɗakina na biyu.

Albishirinka! Ƙasa ta iso, na auna ta da hannuna, sau uku. Ofishin kula da ɗalibai ya samo mini aikin awa biyu a ɗakin gwaji kowace rana, shi ya sa na'urorin suka saba da ni, ba sai na bi layi ba. Ana jiƙa ƙasa da tataccen ruwa, a tsoma wani ƙarfe a ciki, allura ta nuna yawan kanwa. Baffa, allurar da ƙyar ta motsa. Ba kanwa, ba tsami, ga taki kamar an yi shekaru ana zuba mata. Dakta Augustina ta murza ta a hannu ta daɗe tana kallo, ta ce ba ta taɓa ganin irinta daga wannan yanki ba. Ranar har wani ɗan ajinmu ya fara kirana 'yar mai gona.

Don haka ka zuba irinka da zuciya ɗaya. Uwayen albasar ma ka dasa su a nan, kada ka wahalar da su a tsohuwar fadama.

Motar sashenmu za ta zaga gonakin Rima a watan gobe da ɗalibai shida, an sa sunana. Amma na ba wata kujerar, tunda ni ƙasata ta riga ta zo har ɗaki, ga jarrabawa a gaba. Maganar cokali kuma na ji, ban ji daɗi ba amma na ji. Na faɗa wa Malam Yusha'u, ya ce kwalba ba ta gajiya da jira.

Ɗiyarka,
Safara'u

Tungar Jigo.
24 ga Nuwamba, 1995.

Zuwa ga ɗiyata Safara'u,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sai sanyi da ya fara shiga gaɓoɓi. Innarki ta je Rabah suna, ta kwana biyu ta dawo.

Ranar da takardarki ta zo ban bari ta kwana ba. Na sa Malam ya karanta ta a gida, na kuma sa ya karanta a bakin masallaci. Washegari na yi bismilla na juye gorar kaf a fangali huɗu na reno, uwayen kuma na jera su a gefen gabas. Ruwa ranar Talata da Asabar ake sako mana. Ɗiyata, mutumin da ya shekara talatin yana jan jigo, yau ya ture ƙasa da ƙafa ruwa ya bi shi! Ranar farko sai da na yi hawaye, na ce ina ma ubanki Abdu ya ga wannan.

Iri ya tsiro. Bai yi cikar da na saba gani ba, kuma bakin ganyen yana ɗan ƙonewa, amma ina ce sanyi ne. Idan ruwa ya janye, kan kunya yakan yi fari kamar an barbaɗa gari. Maƙwabcina ya ce nasa ma haka, shi ya sa bana ya bar shi ya tafi cirani. Na ce masa nawa jami'a ta auna.

An ce motar makarantarku za ta wuce ta mararrabar Goronyo ranar Laraba. Na san kin ce ba za ki zo ba, amma na je na tsaya. Na ga yara da littattafai a ciki, ban tsayar da su ba, don ban san abin da zan ce ba.

Baffanki,
Sale

Jami'a.
3 ga Janairu, 1996.

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ka gafarce ni, gaisuwar yau gajera ce.

Takardarka ta Nuwamba jiya ta zo hannuna. Motar Attahiru ta karye a hanya ta yi mako biyar a gareji, takardar tana ƙarƙashin kujera. Ni kuwa ina nan ina cewa shirun alheri ne, aiki ya yi muku yawa.

Baffa, ba sanyi ba ne. Farin nan da ƙonewar bakin ganye, su ne ainihin abin da nake karantawa dare da rana. Kanwa ce. Ka dangwali farin ka ɗanɗana, za ka ji. Idan akwai sauran abin da ke da rai, a cire shi yau, kada a jira Talata. Uwayen albasar su ne a gaba: a tone su a hankali, a wanke saiwar, a dasa su ko a bayan ɗakin Inna ne, a riƙa ba su ruwan rijiyar gida. Ko goma suka rayu suka yi fure, Mai-jan-riga ta tsira.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, ƙasar da na auna ba za ta yi haka a wata ɗaya ba. Na koma ɗakin gwaji na sake auna ragowar, allura tana nan inda take. Malam Andrawus, don Allah ka tambaye shi a hankali: daga ina aka haƙo ta?

Safara'u

Makarantar Firamare,
Tungar Jigo.
14 ga Janairu, 1996.

Zuwa ga Safara'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Wannan daga ni ne, Andrawus, ba daga baffanki ba. Na ce ya faɗi abin da zan rubuta, ya ce ba shi da abin faɗa. Jikinsa lafiya, kada ki tsorata. Inna Kulu ma lafiya.

Na je gida hutun Kirsimeti, na dawo na tarar da takardarki ta riga ni da kwana biyu, ba a buɗe ba. Ko da an buɗe, ta makara. Na je filin da kaina. Renon ya ƙone tun kafin a kai ga dashe, fangali huɗun nan ba ko tsinke kore. Uwayen sun yi lawashi ɗan kaɗan suka tsaya, ba wadda ta fitar da fure. Mun tone su ni da shi kamar yadda kika ce. Duk wadda ka ɗaga sai ta narke a hannu. Na ɗanɗana farin, har yanzu ina jin shi a harshena.

Tambayarki kuma ban yi masa ita ba, don da na karanta wurin sai ya tashi ya fita. Inna Kulu ce ta biyo ni zaure. Ga abin da ta ce, yadda ta faɗe shi:

“Malam, wallahi ba da mugunta munka yi ba. Da munka je, hilin duk ya yi hwari-hwari. Shi yac ce, ‘Kulu, wagga ƙasa za mu aika ma ɗiyar Abdu gaban manyan malamai? Su ce gidansu kanwa suka nomawa?’ Sai munka tahi can ƙarshen hili, wurin tsohon makwancin shanu, inda ƙasa ta yi baƙi wuluk, munka haƙo nan. Ni da hannuna nit tankaɗe ta da rariya har sau biyu, awa garin tuwon baƙi. Kai ka taɓa ganin an aika ma mutum abu ba a zaɓa ba? Ko albasa za mu kai gidan surukai, manya muka ɗorawa sama.”

Shekarata tara a garin nan, ba a taɓa kawo mini ƙwai ba sai an wanke shi, ba a taɓa ba ni gero ba sai an sheƙe. Da idona na ga buhun nan a ɗaure tsaf, na ji ya ce ba za ki ji kunya ba, ni na rubuta kalmar da hannuna, amma ban tambaya ba. Ina da nawa kason a ciki.

Yanzu ba ya zama a bakin masallaci, yana idar da salla yake shigewa gida. Mutane ba su ce masa komai ba, amma duk sun ji takardar da ya sa na karanta musu. Ki rubuto masa. Kada ki yi masa faɗa, ya riga ya yi wa kansa.

Naki,
Andrawus

Jami'a.
27 ga Janairu, 1996.

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shiga azumi, Allah ya karɓa mana. Ina gaida Inna, a ce mata ban riƙe ta da komai ba. Malam Andrawus, na gode, kuma ka karanta masa wannan duka, kada ka tsallake layi.

Baffa, na ji yadda aka yi. Na yi kuka, na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Kwana huɗu ban shiga aji ba, sai da Dakta Augustina ta aiko aka kai ni wurin matar da ke ba ɗalibai shawara. Ita ce ta bar ni na yi ta magana har na faɗi abin da ban gaya wa kowa ba. Yanzu kai zan gaya wa.

Na rubuta maka cewa Dakta ta ce ba ta taɓa ganin irin ƙasar nan daga yankinmu ba. Gaskiya ne, amma rabin maganarta ke nan. Sauran ita ce: “Wannan ta yi laushi da yawa, ba tsakuwa, ba saiwa, kamar an tankaɗe. Ki bi mota ki je ki haƙo da hannunki kafin ki gaya wa manomi komai.” Don haka ne ma ta sa sunana a motar. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wato don ƙasar gidanmu ta yi kyau shi ne za a ce da wani abu? Baffana zai yi mini ƙarya ne? Ga 'yan aji suna ta yaba ni. Sai na ba da kujerata, na ce mata jarrabawa ce ta hana ni, na zauna na zaɓo maka mai daɗin maganar na aiko.

A mako na farko a sashen nan abin da ake koya mana ke nan: kada ka yarda da ƙasar da ba ka ga ramin da ta fito ba. Na ci wannan tambaya a jarrabawa. Kai ba ka san abin da allura ke nema ba, ni na sani. Ranar da ka tsaya a mararrabar Goronyo, da ina cikin motar nan, da kallo ɗaya zan yi wa filin in ce a kwashe uwayen. A lokacin suna da rai.

An ƙara mini wata biyu in sake aikin. Ban damu da shi ba yanzu. Ka duba mini, ba wanda ya taɓa sayen albasarmu ya dasa don iri? Ko a Dinawa, ko a Gandi? Kuma ka fita ka zauna cikin mutane, Baffa. Idan sun tambaya ka ce ɗiyarka ce ta ce a zuba.

Ɗiyarka,
Safara'u

Tungar Jigo.
25 ga Fabrairu, 1996.

Zuwa ga ɗiyata Safara'u,

Wa alaikumus salam. Barka da salla. Mun yi ta lafiya, sai dai kujerarki da ba kowa. Innarki tana gaishe ki, ta ce tun ranar ba ta iya ɗaukar rariyar nan ba, ta maƙwabta take arowa.

Malam ya karanta mini takardarki, bai tsallake ba. Ba zan ce wa kowa ke kika ce a zuba ba. Ke tambaya kika yi, ni na ba ki amsar ƙarya. Na ga farin nan da idona tun ranar da aka nuna mini filin, kuma zuciyata ta gaya mini. Ina ganin ba kunyarki kaɗai na ji ba, ɗiyata. Tsoro na ji kada ki auna ki ce filin ba shi da kyau, alhali ba ni da wani.

Na yi yawon da kika ce, da azumi a bakina. Na je Dinawa, na ci kasuwar Gandi, na je Rabah wurin wani da aka ce yana da jar albasa. Na yanka tasa na duba, ba ita ba ce, ruwa ne cikinta, ba za ta yi wata biyu a rudu ba. A Gandi na haɗu da Alhajin nan mai sawu uku. Ya yi mini jaje sosai, sannan ya ce, “Sale, da kun ba ni ran nan, da yau ni ab ba ka.” Ba da gori ya faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Shekara hamsin muna tsare ta kada ta fita gida, ashe ba ta da inda za ta dawo daga gare shi.

Ga saƙo biyu wurin Attahiru. Na farko buhun ƙasa ne, daga wuri biyar, Malam yana tsaye na haƙa. Da farinta da tsakuwarta, ban cire ko tsinke ba. Ki ba malamarki, ki ce ga ƙasar Sale ta gaskiya. Idan sunana zai shiga takarda, ya shiga.

Na biyu gorar ce. Na girgiza ta a kunne na ji kamar akwai abin da ya maƙale a tsagar ciki. Ban zazzage ba, ina tsoron hannuna. Ban sani ba ko na bara ne ko tun na zamanin ubanki. Kin roƙi cokali na hana, yanzu ga gorar gaba ɗaya. Ki kai wa mai kwalba ya gwada iyawarsa.

Abu ɗaya nake roƙo. Duk abin da ya fito, ki aiko mini shi yadda yake. Kada ki tankaɗe mini.

Baffanki,
Sale

Jami'a.
24 ga Maris, 1996.

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna, da Malam Andrawus. Ni lafiya lau. Zafi ya shigo nan, na san can ya fi.

Saƙo ya iso. Na auna ƙasar, allura ta tafi har ƙarshe ta jingina. Dakta Augustina ta ce filinku yana cikin kwari ne, ruwa na shiga ba ya da mafita, shi ke jawo kanwar sama. Za ta sa awon a rahoton da take kai wa masu aikin ban-ruwa, ko a haƙa muku magudanar fitar da ruwa. Ta ce idan an yi haka, cikin shekara uku ko huɗu filin zai iya dawowa. Ta ce in gaishe ka, kuma wannan buhun ya fi mata amfani a kan duk wanda motar ta ɗebo. A kansa zan rubuta bincikena. Ban san yadda zan yi murna da digirin da ya fito daga nan ba.

Gorar kuma, ni da Malam Yusha'u muka zauna da ita. Bai yarda a fasa ba. Da gashin kaza ya riƙa sharo tsagar a hankali a kan farar takarda, muka samu ƙwaya ashirin da uku. Muka jera su a kan jiƙaƙƙiyar takarda cikin faranti mai murfi, muka sa a akwatin da ke riƙe ɗumi daidai. Irin albasa mai rai yakan fasa cikin kwana goma. Kullum da safe kafin aji nakan je in ɗaga murfin. Da aka yi kwana goma sha huɗu Malam Yusha'u ya ce a rufe littafi, na roƙe shi ya ƙara mako guda, ya ƙara.

Wasiƙa biyu na rubuta kafin wannan na yayyaga, don a duka biyun na kama kaina ina cewa har yanzu muna jira. Ba ma jiran komai, Baffa. Jiya ya matsa su ɗaya bayan ɗaya a gabana, duk ƙwanso ne. Ashirin da ukun nan, ba ko ɗaya da ta tsiro.

Gorar ba zan ba Attahiru ba. Ranar Juma'a ta sama zan kawo ta da kaina, ka jira ni a mararraba.

Ɗiyarka,
Safara'u Abdulƙadiri